Yaushe Ake Goge Banish ɗin Jita? Sharhi Kan Shawarwari Biyu da Ke Ɓata wa Masu Feshi Aiki

Saura kwana biyu Babbar Sallah ɗan baffana ya kira ni, murya cike da murna. "Yaya, in ka shigo Kazaure ka biyo ka ga madubi." Wata tsohuwar jita ce ya saya a hannun 'yan gwanjo a Kano, fentinta duk ya koɗe, sai ya kai wa wani mai feshin gadaje da kujeru a cikin gari. Mutumin ya kankare ta, ya fesa mata banish ranar Litinin, ya ƙara ranar Talata, ranar Laraba da yamma ya bi ta da samfefa da man ƙyalli. Da na je na gani, gaskiya madubi ce. Har fuskata na gani a bayanta.

Bayan mako uku ya sake kirana, wannan karon ba murna. Bayan jitar ya fito da ƙananan ramuka a jere, suna bin layin katakon, kamar an tsattsaga da bakin allura. Zanen saƙar jakar da yake ajiye ta ya kwanta a jikinta ɓaro-ɓaro. Wurin da damtsensa ke hutawa kuwa ya dushe. Ya koma wurin mai feshin, aka yi ta ja-in-ja. Mai feshi ya ce zafin gari ne, yaron ya ce jabun kaya aka sa masa. Ni da na duba gwangwanin, kayan lafiyarsu lau, hannun mai feshin ma ba laifi. Abu ɗaya aka kuskure: ranar da aka goge.

Idan ka shiga YouTube ko TikTok ko Facebook kana neman amsar wannan tambaya, shawara biyu za ka tarar. Ta farko ta gajerun bidiyoyi ce: fesa yau, goge gobe, ga ƙyalli. Ta biyu ta maƙeran jita na Amurka da Turai ce: kada ka taɓa sai bayan mako biyu zuwa wata ɗaya, da yawansu ma kwana 30 suke yankewa. Duka biyun nake so mu ɗora a faifai. Kowace tana da gaskiya a inda aka haife ta, kuma kowace tana iya cutar da kai a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura idan ka ɗauke ta ido rufe.

Me ke cikin gwangwanin?

Mu a nan duk wani ruwa mai haske da aka shafa wa katako ya yi sheƙi banish muke ce masa. Masana sinadarai kuwa suna raba su ta hanyar da suke yin tauri, kuma a nan amsar take.

Kashi na farko su ne masu bushewa ta hanyar tashin ruwan da aka narkar da su a ciki. Ka tuna tawadar allo. Ƙaro ne da baƙi a cikin ruwa. Ruwan ya tashi, ƙaron ya zauna yana sheƙi. Ka zuba ruwa, ta sake narkewa, shi ya sa ake wanke allo. To haka banish ɗin naitiroselulos yake, wanda zan riƙa taƙaitawa da naitiro. Turawa na kiran irinsa laka, amma tunda laka a wurinmu taɓo ce, mu bar musu sunansu. Shi ruwansa tina ne. Tinar ta tashi ya yi tauri, ka ɗiga masa tina ko bayan shekara ashirin ne ya sake narkewa. Shelak ma ɗan wannan gida ne: ƙaro ne da wani ɗan ƙwaro mai suna Kerria lacca ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan, ana narkar da shi a sifirit.

Kashi na biyu su ne masu tauri ta hanyar haɗuwar sinadarai, kamar siminti. Siminti in ya kama, ruwa ba ya mayar da shi gari. A nan akwai foliyuretan mai gwangwani biyu, wanda ake haɗa babba da ƙaramin gwangwanin sinadarin daskarwa, irin na masu fentin mota. Akwai banish ɗin mai, irin wanda su Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, suka shafa wa gogen Turawa a garin Kiremona na Italiya, shi iskar oksijin ce ke daskarar da shi a hankali. Akwai wanda hasken UV ke daskararwa cikin ƙasa da minti, kamfanin jita na Taylor na amfani da shi tun shekarun 1990. Akwai kuma urushi na Japan, ruwan wata bishiya, wanda abin mamaki sai da danshi yake kamawa, har akwati mai laima ake sa shi. Ka kawo shi nan lokacin hunturu, sai ya ƙi kamawa.

Naitiro shi ne ya ba ɗan baffana matsala. Christian Schönbein ne ya haɗa shi a 1846, ta hanyar jiƙa auduga a cikin asid, abin da ya samu kuwa ɗan'uwan albarushi ne. A farkon shekarun 1920 kamfanin DuPont ya mayar da shi fentin feshi mai suna Duco, General Motors ya sa wa motocinsa na Oakland na 1924, aikin fentin mota da ke cin makonni ya dawo na awanni. Daga mota ya shiga kayan kiɗa. Fender ya yi amfani da shi a shekarun 1950 da 1960 kafin ya karkata ga dangin foli, Gibson kuwa har gobe da shi yake aiki. Ka riƙe wannan tarihi, domin saurin da aka san naitiro da shi a kan ƙarfen mota aka fara ganinsa, shi kuwa ƙarfe ba shi da ƙofofi irin na katako.

Bushewa biyu ce, ta sama da ta ciki

Mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin naitiro ruwa ne mai tashi. Abin da zai zauna a kan katako sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Da zarar ka fesa, tinar da ke sama takan tashi da sauri, cikin minti goma sha biyar zuwa rabin awa ka taɓa ba ya kama hannu. A nan ake yaudarar ido. Saman ya yi ɓawo, kamar yadda tuwo ke yin ɓawo a kwano alhali cikinsa da zafi. Tinar da ta rage a ƙasa dole ta ratsa ta cikin wannan ɓawo kafin ta fita, kuma duk lokacin da ɓawon ya ƙara tauri, hanyar na ƙara ƙunci.

Dokar wannan ratsawa Adolf Fick ya rubuta ta tun 1855, Charles Hansen kuma ya yi nazarinta a kan fenti a kundin digirinsa na 1967 a Denmak, inda ya nuna matakan nan biyu: na farko mai sauri, na biyu mai jan ƙafa. Abin da ya kamata mai feshi ya haddace daga ciki guda ne. Lokacin da ratsawar ke ci yana tafiya ne da kaurin fentin sau kansa. Ka ninka kauri sau biyu, jira ya ninku sau huɗu. Ka ninka sau uku, ya ninku sau tara. A misali, idan shafi mai kaurin milimita 0.1 na buƙatar kwana 10 kafin ya kai wani mataki na tauri, mai kaurin milimita 0.2 zai nemi wajen kwana 40 kafin ya kai matakin nan. Banish ɗin jita mai kyau bai cika wuce milimita 0.1 zuwa 0.15 ba, wato kamar gashin kai ɗaya ko biyu a kauri. Mai feshin gado kuwa ya saba lafta shi, domin a gado kauri ado ne.

Akwai ƙari. Kowane sabon shafi na naitiro yana narkar da saman wanda ke ƙarƙashinsa, su zama abu guda. Wannan alheri ne wajen gyara, amma yana nufin shafi shida da aka jera a kwana biyu suna bushewa ne kamar shafi ɗaya mai kauri.

Yayin da tinar ke fita, fentin na motsewa. Idan katakon mai manyan ƙofofi ne, sai fentin ya lotsa cikinsu. Jitoci da yawa ana yin bayansu da gefensu da katakon Khaya, wanda 'yan kasuwa ke kira mahogani na Afirka, ɗan'uwan maɗacinmu ne na jini. Duba katakon maɗaci da kyau, za ka ga 'yan ƙofofin a jere. Ramukan da suka fito a jitar ɗan baffana su ne waɗannan ƙofofi. An goge saman ya yi sumul ranar Laraba, fentin ya ci gaba da motsewa har makonni, ya bi ƙofofin ya lotsa.

Me gogewa ke yi?

Ƙyalli ba wani abu ne da ake zubawa a kai ba, laushin fuska ne. Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700. Idan kurajen da ke kan fuskar abu sun fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, haske na dawowa a tare, sai ka ga hotonka. Idan sun fi shi girma, sai hasken ya watse, abin ya dushe. Masu bugu a Kura sun san wannan a aikace: dukan da suke yi wa rawani ɗan Kura da shuni yana kwantar da zaren ne har fuskar ta miƙe, sheƙi ya fito.

A kan banish kuwa ana farawa ne da samfefa mai lamba 800 ko 1000, a hau 1500, a hau 2000, sannan man ƙyalli. Kowane mataki yana share kartar wanda ya gabace shi da karta mafi ƙanƙanta. Wannan yanka ne, shi kuwa yanka mai tsabta sai a kan abu mai tauri. Gwada feƙe kyandir da ya sha rana ka gani. Tinar da ta maƙale a ciki tana sa naitiro laushi, zafin gogewa ya ƙara masa laushi, domin shi irin robar da zafi ke narkarwa ce. Sai samfefa ta riƙa tara ƙulle-ƙulle tana jan layi, in kuma injin gogewa ne mai gudu, ya ja fentin ya naɗe, ko ya huda shi a gefen kusurwa har katako.

Shawara ta farko: fesa yau, goge gobe

In yi mata adalci tukuna. A kan foliyuretan mai gwangwani biyu, wannan shawara daidai take. Haɗuwar sinadaran na yin nisa cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, kuma in ka daɗe da yawa sai ya yi taurin da gogewa za ta zama wahala. Mai fentin mota da ya ce maka gobe zai goge bai yi ƙarya ba.

Laifin bidiyoyin guda uku ne. Na ɗaya, ba sa nuna gwangwani. Ka kalli minti ɗaya na feshi da waƙa a baya, ba wanda ya gaya maka wane irin banish ne, alhali amsar gaba ɗaya a kan wannan ta rataya. Na biyu, bidiyon na ƙarewa ne a daidai lokacin da ƙyalli ya fi kyau. Naitiron da aka goge da wuri ranar farko yana da kyau ƙwarai, aibinsa sai mako na uku yake bayyana, lokacin da mai kyamara ya daɗe da wucewa wani aikin. Hujjar da aka yanke kafin sakamako ya fito ba hujja ba ce. Na uku, ana ɗauko aikin ƙarfe a ɗora wa katako. Ƙofar mota ba ta da ramukan da fenti zai lotsa, ba ta shan danshi, ba a rungume ta a ƙirji awa biyu ana gumi.

Mu masu kai aiki ma muna da namu kason. Wanda ya kai jita saura kwana huɗu Sallah yana cewa "Oga, don Allah kafin hawa," shi ya zaɓa wa mai feshi ranar gogewa. Mai feshi na da haya, yana da yara a shago, ba shi da ɗakin da zai rataye kayan mutum wata guda ba a biya shi ba. Sauri ya haifi nawa: aikin kwana uku ya dawo na wata biyu.

Shawara ta biyu: jira kwana 30

Wannan ta fi ta farko aminci, kuma in aka tilasta mini zaɓar ɗaya ita zan ɗauka. Amma ita ma ina da ja a kanta. Lamba ce da aka samo a shagunan da zafinsu ke wajen digiri 20 zuwa 22 a ma'aunin Selshiyos, danshin iska kuma kashi 45 zuwa 55 cikin 100, wanda shi ne abin da manyan kamfanonin jita ke shawartar a ajiye kayansu a ciki. Ba ta faɗi kauri ba, ba ta faɗi irin tinar ba, ba ta faɗi ko iska na ratsa ɗakin ba. Mu kuwa yanayi uku muke da shi, ba ɗaya da ya yi kama da wancan shago.

A bazara, Afrilu zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano ya wuce haka. Zafi na hanzarta fitar tina, don haka shafi siriri zai iya yin tauri kafin kwana 30 su cika. Amma zafin nan yana sa sama ya rufe da wuri, tinar ƙasa ta kumbura ta fasa ƙananan ƙuraje, wani lokaci ma feshin ya bushe a iska kafin ya sauka, ya zama kamar yashi. Kuma banish ɗin da ya yi tauri da asuba yana iya yin laushi da azahar. A bazara awar gogewa na da muhimmanci kamar ranar gogewa: da sassafe, a inuwa. Kada kuma wani ya ce zai shanya jita a rana don ta yi sauri. Katako mai duhu a ranar Afrilu zai iya haura digiri 60, a nan gam ɗin da ya riƙe jitar ke fara saki.

A damina, musamman Agusta, iska cike take da danshi. Tashin tina na sanyaya fuskar fentin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, sai raɓa ta sauka a kai ta maƙale a ciki, banish ya yi fari-fari kamar hazo. Wannan farin a cikin fentin yake, ko ka jira kwana 30 ka goge ba lallai ya fita ba. Maganinsa tun wajen feshi ne: a guji safiyar da aka kwana ana ruwa, a sa tina mai jinkirin tashi. Ita kuma tina mai jinkiri tana ƙara kwanakin jira. Ka ga a nan kwana 30 na iya kasawa.

A hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, danshin iska da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20, ga ƙura, ga sanyin dare. Ƙura na sauka a ɗanyen feshi, sanyi na rage saurin fitar tina, katakon kansa kuma yana motsewa ta faɗinsa. Jitar da aka fesa a Agusta lokacin da katakon ya sha danshi, in Janairu ya zo katakon zai ja jiki a ƙarƙashin fentin da ya riga ya ƙage, sai tsaga ta biyo baya. Kalandar da aka rubuta a Amurka ba ta san da wannan ba.

Ka tambayi fentin, ka bar kalanda

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Duk lokacin da za ka fesa kayan kiɗa, ka ajiye guntun katako iri ɗaya a gefe, ka fesa masa duk shafin da ka fesa wa kayan, a lokaci guda, ka rataye su wuri ɗaya. A kansa za ka yi gwaji.

Gwajin farce: danna farcen babban yatsa da ƙarfi. In ya bar alama, da saura.

Gwajin samfefa: goga lamba 1000 a busasshe. In farin gari ya fito kamar alli, ya yi. In ƙulle-ƙulle suka manne a takardar, da saura.

Gwajin hanci: sa guntun a cikin gwangwani mai murfi ya kwana. Da safe buɗe ka shinshina. In warin tina ya buge ka, tana nan tana fita. Ka yi wannan kafin ka shiga shago, domin hancin da ya yini cikin tina ba ya jin ta.

Gwajin fensir: wannan gwaji ne na masana'antu, yana da lambar ƙa'ida ASTM D3363. Ana tura fensira masu tauri daban-daban, daga masu laushi irin 2B zuwa HB zuwa 2H, a ga wanne ne ya fara kartar fentin. Ka yi shi duk bayan kwana uku. In sau biyu a jere amsar ba ta canja ba, taurin ya kusa tsayawa.

Ga ɗalibai kuma, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ga aikin da za a iya yi da ɗan sikelin masu sayar da gwal, mai auna giram 0.01. A samu siririn falle na alminiyom mai santimita 20 a kowane gefe, a auna, a fesa, a riƙa aunawa kullum. Shafi mai kaurin milimita 0.1 a kan wannan faɗi zai yi wajen giram 5, don haka ko kashi 2 cikin 100 na tina ne ya fita, giram 0.1 ke nan, sikelin zai gani. Kada a yi a kan katako, domin shi yana sha yana fitar da danshi, zai rikita awon. A maimaita a Afrilu da Agusta da Janairu. Wanda ya yi haka zai ba masu feshin yankinmu lambar da ta fi kwana 30 ɗin aro amfani.

To garaya da gurmi da kalangu fa?

Yanzu ana ganin kayan kiɗanmu na gargajiya an fesa musu banish don su yi kyau a hoto. Ba na adawa da ado, amma akwai abubuwa uku da kimiyya ke faɗa.

Na farko, fata ba wurin banish ba ce. A gurmi da garaya da goge da kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos, fatar da aka ɗaure a baki ita ke karkarwa ta ba da sauti. Duk nauyin da ka ƙara mata yana sauke murya, duk taurin da ka ƙara yana canja amo, kuma fata na miƙewa tana motsewa da yanayi, banish kuwa ba ya bin ta, tsagewa yake yi. A rufe fata da takarda kafin feshi.

Na biyu, bayan ƙwarya da duma suna da santsi na halitta da fenti ba ya kamawa sosai sai an ɗan karce shi da samfefa. In kuma an taɓa shafa wa kayan man gyaɗa ko man kaɗanya, to an gama. Waɗannan mayuka ba sa bushewa, ba kamar man linsid na masu fenti ba, kuma banish ɗin da aka fesa a kansu yakan yi idon kifi, daga baya ya ɓare.

Na uku, kalangu a hammata yake aiki, tsarkiyoyinsa na matsuwa suna saki, ga gumi, ga turare. Sifirit ɗin cikin turare na cin shelak da naitiro, haka maganin sauron shafawa mai sinadarin DEET. Roba da leda mai laushi ma in sun daɗe manne da naitiro sukan narkar da wurin. Kayan da zai yi irin wannan rayuwa, shafi siriri marar sheƙi ya fi masa madubi.

Lafiyarka da shagonka

Tina na ɗauke da sinadarai irin su toluwin da asiton, masu sa jiri da ciwon kai, masu taɓa ƙwaƙwalwa in an daɗe ana shaƙa. Takunkumin tsumma ƙura kawai yake tarewa, tururin tina sai takunkumi mai gawayi a ciki. Sinadarin daskarwa na foliyuretan kuwa yana da aisosayanet, sanannen mai jawo asma ga masu feshi. Ka kuma tuna asalin naitiro: busasshen garinsa da ya taru a lungun shago yana kamawa da wuta nan take. Janareto, sigari, walda da murhun mai shayi duk su yi nesa.

Jitar ɗan baffana dai ta gyaru, kuma naitiro ne ya sa gyaran ya yiwu. Muka rataye ta a ɗaki mai iska har sai da farce ya daina barin alama, mai feshin ya baje saman da samfefa, ya ƙara shafi biyu sirara da suka narke cikin na da, aka fesa guntun katako a gefe. Wannan karon ba mu ƙirga kwana ba, guntun muka riƙa tambaya. Ranar da samfefa ta fitar da farin gari, washegari da sassafe aka goge. Mai feshin ya ajiye guntun a kan tagar shagonsa, ya ce duk wanda ya sake zuwa masa da "kafin Sallah" shi zai fara nuna masa.